Tagar da Kawu Ya Toshe

Hayaƙin na fara gani kafin in ga Kawu. Ina amarya a lokacin, an kawo ni Matameye daga Icirnawa, na je gaida yayan mahaifiyata kamar yadda aka umarce ni. Na yi sallama a ƙofar ɗakin aikinsa da ke jikin zaure, ya ce in shigo in ja ƙyauren da sauri. Ɗakin duhu ne, sai ƙwan fitila guda a kan tebur. A cikin wannan ɗan hasken wani siririn hayaƙi fari yana tashi daga bakin ƙarfen liƙi, yana lanƙwasa kamar budurwa mai yanga, ya hau ya shafi gemunsa ya shige hancinsa. In ya kau da kai dama, hayaƙin ya bi shi dama. Ni da na tashi da littattafan soyayya na haya a ƙarƙashin matashin kaina, sai na ce a raina, bawan Allah nan ko hayaƙi ma son sa yake yi.

Kawu ya koma ga Wanda ya ba mu aronsa, kuma dukanmu can muka nufa. Ina rubuta wannan ne don 'ya'yanmu, waɗanda za su tashi su ga rami a bangon ɗakin nan ba su san wanda ya toshe shi ba, ba su san wadda ta fasa shi ba.

Ranar da aka kai shi, zaure bai ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Mu mata muna cikin gida, amma katangar gajera ce, muna jin maganar maza. Wani tsohon direban taksin daji ya ce rediyon motarsa ya fi motar tsufa, kuma hannun Kawu ne kaɗai yake ji. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce ordinatar da yake koya wa yara da ita, wadda 'yan cirani ke ce wa kwamfuta, Kawu ne ya haɗa masa ita a cikin akwatin katako, daga gawarwakin wasu da aka zubar.

A ɓangarenmu kuwa gardamar abin da ya kashe shi aka shiga, a hankali, ana jan carbi. Wata ta ce sanyi ne ya shige shi. Wata ta ce ai tarin nan ba na banza ba ne, mutumin da ke zama shi kaɗai a ɗaki mai duhu da na'urori masu magana, wa ya san abin da ya shafe shi. Wata maƙwabciya ta ce ita ta ji an ce hayaƙin aikinsa ne.

"Wane hayaƙi?" in ji wata tsohuwa daga dangin Inna, matar Kawu. "Mutumin da ba ya kwana bai sha nono ba? Ai nono ya wanke komai. Ku tambayi masu walda."

Inna tana zaune a ƙuryar rumfa, ta lulluɓe kanta.

Ana cikin haka sai muka ji tari daga bayan ɗaki. Busasshen tari ne mai ja, wanda ke ƙarewa da wani siririn fito a ƙirji. Duk wanda ya zauna gidan nan ya san tarin. Wata mata har ta zabura ta dafe ƙirji, don ta ɗauka mamacin ne. Taubashiyata ce, 'yar Kawu ta fari, wadda ta gaji ƙarfen liƙinsa tun yana da rai. Ta fito tana share ido da gefen mayafi, ta ce ruwa ne ya shaƙe ta. Na dubi Inna. Ta juyar da fuskarta bango kamar yadda ta saba yi duk lokacin da 'yar farinta ta gifta, amma na ga yatsunta sun tsaya cak a kan carbin.

Tun daga wannan lokaci na gane makokinmu biyu ne, ɗaya na wanda ya tafi, ɗaya na wadda muke tsoron ta bi shi.

Kawu da gyaran rediyo ya fara. Da zamani ya juya, ƙanensa, wanda muke kira Kawu Ƙarami, ya riƙa dawowa daga cirani a Kano da buhu cike da tarkacen ordinata: korayen alluna masu jijiyoyin tagulla, wayoyi, ƙananan fankoki, da wasu abubuwa da ban san sunansu ba har yau. Kawu ya zauna da su kamar mai koyon karatu da girma. Ya ciro wannan daga jikin waccan, ya narka dalma ya liƙa, ya gwada, ta ƙi, ya sake. Ranar da ta farko ta kama, aka ce fitowa ya yi tsakar gida ba hula, yana kiran kowa ya zo ya gani. Akwatin katako ya yi mata, ya huda bayanta ya sa fanka. Wannan bai taɓa rabuwa da ita ba, tana ajiye a saman kantar ɗakin kamar 'yar gaban goshi.

Duk ordinatar da ya haɗa, sai ya kunna ta ya kai tafin hannunsa bayanta, ya yi shiru yana jin iskar da fankar ke fitarwa. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Tana numfashi." In mai kaya ya zo ɗauka kuma sai ya ja masa kunne. "Kada ka jingina ta da bango. Kada matarka ta yafa mata zani don kwalliya. Na'ura in ba ta sha iska ba mutuwa take yi."

Amma tagar ɗakinsa guda ce, tana kallon cikin gida wajen dalbejiya, kuma shi ya toshe ta da hannunsa, da tubali da laka. Yana da dalilinsa. Kuran, wato wutar lantarki, ba ta zama, yawancin aikinsa da batir yake yi, ƙarfen kuwa ba ya yin zafi sosai, ɗan kaɗawar iska sai bakinsa ya huce dalma ta ƙi narkewa. Sannan wata rana da damina iskar hadari ta shigo ta tagar ta share masa tebur, ƙananan kayan da ba su kai ƙwayar gero ba suka watse a ƙasa, aikin mutane ya lalace. Washegari ya kwaɓa laka. In an yi masa magana sai ya ce, "Iska da dalma ba sa zama ɗaki ɗaya."

Hannu biyu ba sa isarsa. Ɗaya na riƙe da ƙarfe, ɗaya na riƙe da waya, zaren dalmar kuma a haƙoransa yake riƙe shi, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa aikin. Haka zai ɗago ya ɓare goro da yatsun nan baƙaƙe ya jefa a baki.

Abin da ya fi sace mini zuciya a gidan shi ne la'asar. Da an sauko daga salla Inna za ta fito da ƙwaryar nono a hannun dama, kaskon turaren wuta a hagu. Ta tura ƙyauren da ƙafa, ta ajiye kaskon a ƙarƙashin tebur don ya kashe warin man liƙi, ta miƙa masa ƙwaryar da hannu biyu.

"Malam, a wanke ƙirji."

"Sarauniyar Kance ta iso," in ji shi, ba tare da ya ɗago ba. "Yau ma kin hana hayaƙi cin abincinsa."

"Sha dai, ka bar zance."

Ta tsaya har ya shanye, ta karɓi ƙwaryar, ta ja musu ƙyauren shi da turarensa. Tun suna da ƙuruciya take yin haka, ba fashi, ko tana zazzaɓi. Na karanta labaran masoya masu musayar zobe da turare a kwalba, ban ga wanda ya kai wannan ba. Na sha komawa gida in dubi mijina yana shan furarsa, in ji haushin bai da wata sana'a mai hatsari da zan riƙa cetonsa daga gare ta kullum.

Akwai wata mata daga Dawce da ta zo gaisuwa ta zauna kusa da ni, ta yi kuka fiye da wasu 'yan uwa. Mijinta ya rasu a wajen cirani, aka kawo mata kayansa a jaka, ciki har da wata tsohuwar ordinata da ruwa ya shiga. An gaya mata hotunansa na ciki, ita kuwa ba ta da hotonsa ko ɗaya, ga ɗa a goye da bai san fuskar ubansa ba. Kowa ya ce ta mutu, a jefar. Kawu ya karɓa, ya ture sauran ayyuka, ya rufe kansa a ɗaki yana bin jijiyoyin allon ɗaya bayan ɗaya. Na tuna lokacin, don a kwanakin ne muka fara jin fiton nan a ƙirjinsa. Da matar ta dawo ranar kasuwa ya zaunar da ita, ya kunna, sai ga mijinta yana dariya a gaban wani shago. Ta ce mini Kawu fita ya yi ya bar mata ɗakin, ya tsaya a zaure yana tari, har ta gama kukanta. Ƙwan zabi ta kawo masa daga baya, ya ce a dafa wa yaron.

Shi da Kawu Ƙarami sau ɗaya na ga sun yi faɗa, kuma a kan fanka ne. Ƙaramin ya dawo daga Kano da wata fanka mai faɗin tafin hannu da guntun tiyo. Ya ce ya ga masu irin wannan aiki a can suna kafa ta kusa da bakin ƙarfe, ta zuƙe hayaƙin ta fitar da shi waje ta tiyon.

"Yaya, ba hura maka iska za ta yi ba, ja za ta yi. Ƙarfenka ba zai huce ba. Ɗan rami kawai za mu huda a tagar nan."

"Wato ka je Kano ka dawo da ilimin huda mini bango."

"Ka ji yadda kake numfashi kuwa? Daga zaure ake jin ka."

"Tsufa ne. Kai ma yana nan tafe."

"Kowace na'ura ka sa mata fanka, kai ka zauna a tukunya an rufe!"

Nan ran Kawu ya ɓaci. Ya ce ita na'ura ba ta da matar da ke kawo mata nono. Ya ce tun Ƙaramin yana yawo ba wando yake wannan aiki, kuma in hayaƙin dalma na kisa da tuni an yi sadakarsa an manta. Ya karɓi fankar ya juya ta, ya ce mai kyau ce, kafin magariba ya ɗaura ta a ordinatar wani ɗalibi. Kawu Ƙarami ya koma cirani a shekarar bai yi masa sallama ba. Sun shirya daga baya, amma maganar taga ba ta sake tashi a tsakaninsu ba.

Taubashiyata ta shiga ɗakin nan ne bayan aurenta ya mutu ta dawo gida. Da farko shara take yi masa, sai riƙe waya, sai ga shi idon Kawu ya fara rauni ita ke yin liƙin da ya fi ƙanƙanta. Hannunta ya fi nasa natsuwa, shi da kansa ya faɗa, ko da yake ba a gabanta ba. 'Yar fari ce, daga shi har Inna ba mai kiran sunanta. Shi "ke" yake ce mata, Inna kuwa "waccan". Rufaffen ɗakin ya yi mata daidai, don ba ta son masu wucewa su riƙa leƙen mace da ƙarfen liƙi suna kai labari kasuwa. Ƙwaryar la'asar ta zama biyu. Inna ta miƙa wa Kawu tasa, ta ajiye ɗayar a ƙasa kamar mantuwa ta yi.

Ni da ita wasan taubasai ne tun muna yara. In na leƙa sai ta ce, "Ga uwar hawaye nan. Yau wa ya mutu a littafin, saurayin ko budurwar?"

"Ke dai baƙar maƙera, wa zai aure ki da warin dalma?"

"Wanda rediyonsa ya lalace. Rufe mana ƙofa, baiwata, kina sa mana iska."

Ciwon Kawu ya yi tsanani bayan an gama girbi. Ya daina iya kwanciya, sai a zaune, an jingina shi da buhun gero. Muka kai shi asibiti, ni da Inna da Kawu Ƙarami. Taubashiyata ta tsaya ƙarasa aikin da ya yi alkawari. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya saurari ƙirjinsa ya daɗe, sannan ya fito da mu baranda ya tambayi sana'arsa, ya tambaya ko ɗakin na da taga. Kawu Ƙarami ya sunkuyar da kai.

Majo ya ce shi ba zai rantse a kan abu ɗaya ba, akwai shekaru, kuma rai na hannun Allah. Amma hayaƙin da ke tashi in man liƙi ya ƙone sananne ne, yana ƙuntata hanyoyin numfashi a hankali har ya zama fuka, kuma in an ci gaba da shaƙa ba ya komawa baya. Ita dalmar kuma ta baki take shiga jiki, daga yatsun da ba a wanke ba.

"Amma yana shan nono," in ji Inna. "Kullum. Ban taɓa fashi ba."

"Nono abinci ne mai kyau, Inna. Sai dai shi ciki yake zuwa, hayaƙi kuma huhu. Ba sa haɗuwa a hanya."

Can ta sake tambaya, da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba.

"Turaren wuta fa?"

Majo ya dube ta, ya dubi Kawu Ƙarami, na ga yana neman hanyar da zai bi. Ya ce, "A rufaffen ɗaki, hayaƙi ne a kan hayaƙi."

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta ta koma wajen mijinta ta zauna, ta riƙe ƙafarsa. A hannunta ya cika bayan 'yan kwanaki, da hantsi.

Bayan sadakar bakwai taubashiyata ta buɗe ɗakin ta shiga ta ja ƙyaure. Kaskon la'asar ya daina zuwa, kowa ya ɗauka saboda takaba ne, tunda mai takaba ba ta taɓa ƙamshi. Ni na san ba shi ba ne. Amma tarin taubashiyata bai daina ba, ƙaruwa ma ya yi. In ta shiga da safe lafiya lau, kafin azahar an fara jin fiton.

Kawu Ƙarami ya gwada yi mata magana. Ta saurare shi da ladabi har ya gama, ta ce, "Baba, ka ɓata masa rai a kan tagar nan yana da rai. Ka bar shi ya huta."

Sai Inna ta kira ni ɗakinta. Ta rame, fararen kayan takaba sun yi mata yawa. Ta daɗe tana murza bakin zaninta kafin ta ce, "Ke taubashiyarta ce, tana jin taki. Ki gaya wa waccan abin da majo ya ce. Duka. Har da na turaren."

"Inna, da ke kika faɗa mata da bakinki..."

Ta dube ni kamar na ce ta fita kasuwa ba mayafi. Tun da ta haife ta ba ta taɓa zama da ita sun yi magana ido da ido ba. Kakarta ce ta yaye ta ta raine ta. Ko ranar da aka kai ta ɗakin miji Inna tana madafa tana yi kamar ba a gidan ake biki ba. Haka aka tarbiyyantar da ita, kuma a wajenta wannan kunyar ita ce mutuncin uwa. In ta nuna damuwa a kan 'yar fari a gaban mutane, me za a ce da ita?

Na je na faɗa. Taubashiyata tana sunkuye, zaren dalma a haƙoranta kamar ubanta, hayaƙin yana hawa fuskarta. A wannan karon ban ga wata budurwa mai yanga ba.

"Uwar hawaye, wannan a wane littafin kika karanto?"

"Ba wasa na zo yi ba. Majo ne ya faɗa, a gabana."

Ta cire dalmar daga bakinta ta ajiye ƙarfen. "Ajali ne ya ɗauki babana. In kun ce hayaƙi ne, kun ce ya yi shekara da shekaru bai san aikinsa ba. Kuma kun ce ita, da take kawo kaskon nan kullum da hannunta..." Ta dube ni ta ce, "In na buɗe tagar nan na yarda ke nan. Kina so ta riƙa ganin ramin kullum daga inda take zaune? Fita ki ja mini ƙofa."

Na fita na rasa wanda zan ba gaskiya. Uwa na tsoron rasa 'ya ta kasa faɗa mata, 'ya kuma na shaƙar abin da ke cin ta don kada uwar ta zargi kanta. Kowace tana kare ɗayar, ɗakin kuma yana nan a rufe.

Abin ya faru ne da bazara, wata ranar da zafi ya kai ko kaji sun buɗe baki. Muna tsakar gida da wasu maƙwabta, Inna tana surfe a gindin dalbejiya. Sai ƙyauren ɗakin aiki ya buɗe, taubashiyata ta fito tana dafa bango. Ta zube a bakin ƙofa, bakinta a buɗe, tana jan iska iskar ta ƙi shiga. Leɓɓanta sun yi duhu. Muka yi kanta, wata na fifita da faifai, wata ta ruga kiran mai babur. Inna ta tsaya da taɓarya a hannu. Ba ta matso ba, ba ta zauna ba, ta kafe a wurin kamar an dasa ta.

Kafin mai babur ya iso numfashin ya fara dawowa. Taubashiyata ta sha ruwa, ta share fuska, ta ce a sallame shi, ba inda za ta. Ta ce akwai ɗalibar da ke jiran ordinatarta, jarrabawa ta matso. Ta miƙe tana tangaɗi ta koma ciki. Muka ji ta ja ƙyauren.

Ban ga lokacin da Inna ta bar turmin ba. Ƙarar na ji. Ta tsaya a gaban tsohuwar tagar, inda lakar Kawu ta fi sauran bangon haske, ta ɗaga taɓarya da hannu biyu ta sauke. Ta sake. Mayafinta ya zame ba ta kula ba. Matan suka yi salati, wata ta ce, "Inna, takaba kike!" Ba ta ji ba. Lakar ta tsage, tubali ya faɗa ciki, wani ya bi shi. Rana ta shiga ɗakin da ta daɗe ba ta shiga ba, sai ga hayaƙi yana fitowa ta ramin, shuɗi-shuɗi, mai yawan da ban taɓa zaton ɗakin na riƙe da shi ba.

"Wayyo, kayan mutane!" taubashiyata ta yi ihu daga ciki. "Wa ke wannan? Ƙasa a kan aikin mutane!"

Ta leƙo ta ramin, ta ga wadda ke tsaye. Suka dubi juna, ido cikin ido.

Sai Inna ta kira sunanta. Sunan yanka, wanda ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba, kuma na tabbata ita ma mai sunan ba ta taɓa ji ba. Ta kira shi a gaban maƙwabta, da ƙarfi.

"Na ba ɗakin nan miji," ta ce. "Ba zan ba shi 'ya ba. In turarena ne, na ɗauka, tsakanina da Allah ne. Ke dai ki yi numfashi."

Ta jingina taɓaryar da bango, ta ja mayafinta ta shige ɗaki. Taubashiyata ta kifa goshinta a kan fasasshen tubalin ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Da yamma ta aika a kira Kawu Ƙarami. Bai ce mata komai a kan abin da ya wuce ba, ya zo da tiyo da turnabis na kwance kusoshi. Suka duba fankokin da ke cikin tarkace, duk ƙanana ne ko matattu. Sai ta ɗaga kai ta dubi saman kantar, ta sauko da ordinatar farko, mai akwatin katako, wadda Kawu bai yarda kowa ya taɓa ba. Ita ta kwance fankar da hannunta.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwancinsa, Ya sanyaya shi da iskar Aljanna. Ya bar mana alheri mai yawa da kuskure guda, kuma ban ga amfanin ɓoye kuskuren ba tunda akwai masu gadon sana'ar. Duk mai riƙe ƙarfen liƙi da ya karanta wannan, ya buɗe tagarsa, ya kau da hayaƙin daga fuskarsa, ya cire dalma daga bakinsa, ya wanke hannu kafin ya ci. Ya sha nono don daɗinsa.

Shekaru sun shuɗe yanzu. Taubashiyata tana nan a ɗakin, ɗalibai da malamai har daga Dawce suna kawo mata aiki. An sa wa ramin katako an gyara gefensa, tiyon ya leƙo waje ta wajen dalbejiya. Ta samu wani ɗan maƙali da ke riƙe mata waya, akwai buta da sabulu a bakin ƙofa. Amma ƙirjinta bai dawo daidai ba, kuma majo ya ce ba zai dawo ba. Ɗan famfon fuka yana ƙulle a bakin zaninta duk inda za ta. Ba ta iya tsayawa kusa da murhu. Ranar bikin 'yata a ƙofar ɗakin amarya ta tsaya ta yi addu'a daga nan, saboda turaren wuta. Kaskon Inna yana kan teburinta, ƙananan kusoshi take zubawa a ciki.

Inna ta tsufa ƙwarai, ta koma ce mata "waccan", sunan bai sake fitowa ba. Amma da la'asar tana tahowa da sanda da ƙwaryar nono, ta ajiye a bakin ƙofa kamar mantuwa ta yi. Taubashiyata ta wanke hannu ta shanye, duk sun san ba ya wanke komai.

Na je gidan kwanan baya na tarar za ta fara aiki. Ta kunna fankar, ta zagayo tsakar gida ta kai tafin hannunta bakin tiyon, ta yi shiru.

"Tana numfashi," ta ce.

Sai tarin ya taso mata. Ni da Inna muka bar abin da muke yi, muna saurare, muna jiran ya tsaya.